Iskar Tayar Ford Explorer da Asalin Fitilar Gargaɗi a Motocin Zamani

A ranar 9 ga Agusta 2000, kamfanin taya na Bridgestone/Firestone ya sanar da kiranyen tayoyi kimanin miliyan 6.5 da ke ƙarƙashin motocin jama'a a Amurka, ya ce duk mai su ya kai a canza masa kyauta. Tayoyin masu lamba P235/75R15 ne, samfurin ATX da ATX II, da kuma Wilderness AT waɗanda aka ƙera a masana'antar kamfanin da ke garin Decatur a jihar Ilinoyi. Akasarinsu suna jikin mota guda, wato Ford Explorer, jif ɗin da ta fi kowace jif kasuwa a ƙasar a shekarun 1990. Kafin ƙura ta lafa, hukumar da ke kula da lafiyar ababen hawa a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, ta danganta mutuwar mutum 271 da jikkatar wasu ɗaruruwa da tayoyin Firestone da take bincike a kansu. Yawancin haɗurran kamarsu ɗaya: mota tana gudu a babbar hanya cikin zafin rana, sai fatar taya, wato shimfiɗar nan mai zane da ke taka kwalta, ta ɗaye daga jikin tayar, galibi a ƙafar baya ta hagu, direba ya murɗa sitiyari don ya ceto motar, ita kuwa ta wuntsila da mutanen da ke ciki.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan lamari ta fuskar shari'a da ta kasuwanci. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne wata lamba ƙarama da aka buga a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, lambar da ke gaya wa mai mota yawan iskar da zai sa wa taya. A jikin Explorer an rubuta 26, da awon psi, wanda shi ne awon da gejin masu faci ke nunawa. Kamfanin Firestone, bayan abin ya fashe, ya ce 30 ya kamata a rubuta. A gefen tayar kanta kuwa an buga 35, wanda shi ne iyakar abin da aka yarda a ɗura mata. Tazarar psi 4 tsakanin 26 da 30 ita ce ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta-in-ja a kai a gaban majalisar dokoki da kotuna, kuma daga wannan ta-in-ja ne aka samu ƙaramar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar taya da aka yanka da alamar motsin rai a tsakiyarta, wadda a yau ke kamawa a gaban direbobi a duk faɗin duniya.

Ford ya fito da Explorer a 1990 domin ta maye gurbin Bronco II, wadda ta riga ta yi ƙaurin suna wajen kifewa. A kan ƙashin motar a-kori-kura ta Ranger aka gina sabuwar jif ɗin, saboda haka ta gaji tsayi mai yawa idan aka gwada shi da faɗin da ke tsakanin ƙafafunta. Mota mai irin wannan ƙira nauyinta a sama yake, kuma idan aka karkatar da ita da sauri, ƙafafun gefe ɗaya suna iya barin ƙasa. Takardun cikin gida na kamfanin da suka fito fili a lokacin bincike sun nuna cewa injiniyoyi sun ga wannan matsala tun a gwaje-gwajen 1989, kuma sun kawo shawarwari, ciki har da faɗaɗa tsakanin ƙafafun motar, aikin da zai jinkirta fitowarta kasuwa. An ɗauki gyare-gyaren da ba za su ci lokaci ba, aka kuma tsayar da iskar taya a kan 26. Taya mai ƙarancin iska ba ta amsa sitiyari da kaifi kamar mai tauri, don haka tana rage yiwuwar motar ta ɗaga ƙafa a kwana, ga kuma taushin tafiya da masu saye ke so. Ford ya tsaya a kan cewa 26 lamba ce mai aminci wadda Firestone ya sani kuma bai ƙi ta ba tsawon shekara goma, kuma ba a musanta cewa Firestone ya san lambar bai ƙi ta ba. Sai dai wata gaskiyar tana nan kusa da ita, cewa an ɗora wa iskar taya wani ɓangare na aikin da ƙirar motar ya kamata ta yi.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa wannan zaɓi ya zama mai haɗari, sai an san abin da iska ke yi a cikin taya. Iskar ce ke ɗaukar nauyin mota, roba da wayoyi kuwa aikinsu su riƙe iskar su kuma ba ta siffa. Kowane ƙarin psi yana ƙara nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kowane ragi yana rage shi, kuma masu ƙera tayoyi suna da jadawalin da ke nuna wannan lissafi dalla-dalla. A duk juyi ɗaya da taya ta yi, ɓangaren da ya taka ƙasa yana lotsawa, sannan ya miƙe idan ya bar ƙasan, kuma a gudun kilomita 110 a awa wannan lanƙwasa da miƙewa tana faruwa fiye da sau goma a kowace daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta karye ya san cewa wurin lanƙwasar zafi yake ɗauka. Haka roba take yi. Idan iska ta yi ƙasa, lotsawar tana ƙara zurfi, zafin yana ƙaruwa, kuma inda ya fi taruwa shi ne kafaɗar taya, daidai wurin da shimfiɗu biyu na wayoyin ƙarfe da ke ƙarƙashin fatar suke ƙarewa. Wata siririyar roba ce ke haɗe da shimfiɗun nan biyu. Zafi yana tsufar da ita, iskar da ke ratsowa daga ciki tana ƙara busar da ita, har wata ƙaramar tsaga ta fara a bakin wayoyin. Tsagar tana ci a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru, ba tare da an ga komai daga waje ba, har ranar da gudu da zafin kwalta za su haɗu, shimfiɗar sama ta ɓalle ta tafi da fatar gaba ɗaya.

Abin da ke ƙara tayar da hankali a irin wannan lalacewa shi ne sau da yawa tayar ba ta fashewa. Tana nan da iskarta, amma ta zama ƙwarya mai santsi wadda ba ta kama kwalta, kuma idan ƙafar baya ce, gindin motar ne zai zame ya nemi wuce gabanta. Ƙaramar mota mai kusa da ƙasa takan yi katantanwa ta tsaya. Doguwar jif da ta zame a kaikaice cikin gudu, ƙafafunta suka ci karo da bakin hanya ko ƙasa mai laushi, kifewa take yi. Wannan ne ya sa aka fi samun haɗurran a jihohi masu zafi irin su Teksas da Fulorida da Arizona da Kalifoniya, kuma a watannin bazara.

Lafiyayyar taya, ko babu ƙusa a jikinta, tana rasa kimanin psi 1 a kowane wata, domin iska tana ratsa roba kaɗan-kaɗan. Ke nan mai Explorer da ya cika tayarsa daidai a kan 26, sannan ya yi wata shida bai waiwaye ta ba, yana iya samun kansa a kan 20 ba tare da ya yi wani ganganci na musamman ba. Da a kan 30 ya fara, da yana kan 24. Ga shi kuma tayar zamani ba ta nuna ƙarancin iska a ido sai abin ya yi nisa, domin ko tana cike gefenta yakan ɗan buɗe a ƙasa, mutum zai iya zagaya motarsa ya ga komai lafiya alhali kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ya tafi. Su kuwa direbobi ba sa aunawa kamar yadda masu ƙera mota suka ɗauka. A farkon 2001 hukumar NHTSA ta tura ma'aikata gidajen mai suka auna tayoyin motoci fiye da 11,000, aka tarar kashi 27 cikin ɗari na ƙananan motoci da kashi 32 cikin ɗari na jif da a-kori-kura da makamantansu suna da aƙalla taya ɗaya da ta gaza abin da aka rubuta da psi 8 ko fiye. Idan aka cire 8 daga 26, abin da ya saura 18 ne, a ƙarƙashin motar da ake cikawa da iyali da kaya a kama doguwar hanya. A ganina nan ne tushen kuskuren yake. An zaɓi lambar da za ta wadatar idan mai mota yana aunawa kowane wata, alhali waɗanda suka zaɓe ta suna da hanyar sanin cewa mutane da yawa ba sa yin haka.

Alamu sun bayyana tun kafin 2000, amma a warwatse. A Saudiyya dillalan Ford sun riƙa kai ƙorafin ɗayewar fatar taya tun a ƙarshen shekarun 1990. Bayanin da Firestone ya bayar shi ne yanayin amfani: tsananin zafi, gudun wuce kima, faci marar kyau, da kuma al'adar rage iska domin shiga rairayi sannan a hau kwalta ba a mayar da ita ba, al'adar da duk direban da ya san hanyoyin sahara ya sani. A 1999 Ford ya canza wa masu Explorer na Saudiyya tayoyinsu, a farkon 2000 ya yi haka a Maleshiya da Tailan, sannan a Benezuwela, inda haɗurran suka yi muni ƙwarai. Ba a sanar da hukumomin Amurka ba, kuma dokar wancan lokaci ba ta tilasta a sanar da su ba. A cikin Amurka kanta, wani mai bincike a kamfanin inshora na State Farm ya aika wa NHTSA saƙo a watan Yuli 1998 yana nuna haɗurra 21 masu kama da juna da suka shafi waɗannan tayoyi, amma ba a buɗe bincike ba. Lauyoyi kuma suna ta sasanta ƙararraki ɗaya bayan ɗaya tare da sharaɗin rufe bayanai. Sai a watan Fabrairu 2000, da gidan talabijin na KHOU a birnin Houston ya watsa rahoton da ya jera haɗurran wuri guda, jama'a suka fara kiran waya suna cewa su ma abin da ya same su ke nan. A watan Mayu hukumar ta buɗe bincike, bayan wata uku aka yi kiranye.

A watan Satumba 2000 shugabannin kamfanonin biyu suka bayyana a gaban majalisar dokokin Amurka. Masatoshi Ono, shugaban Bridgestone/Firestone, ya nemi gafarar jama'a, kuma bai daɗe ba ya sauka daga muƙaminsa, John Lampe ya gaje shi. Jacques Nasser na Ford ya dage cewa matsalar ta taya ce, motar ba ta da laifi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta da sauƙin turewa. Ford ya nuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 an sa wa Explorer miliyoyin tayoyin Goodyear, a kan iska 26 ɗin nan dai, kuma da ƙyar aka samu ƙorafin ɗayewar fata a kansu. Waɗancan tayoyi suna da darajar B a ma'aunin jure zafi, na Firestone kuwa C, wadda ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da ita. Ford ya kuma nuna cewa tayoyin Decatur sun fi na sauran masana'antu lalacewa nesa ba kusa ba, musamman na shekarun da ke kusa da dogon yajin aikin da aka fara a 1994, lokacin da aka ɗauki sababbin ma'aikata a madadin masu yajin. Firestone kuma ya ce irin tayoyin nan suna jikin Ranger, amma ƙorafi a kanta bai kai na Explorer ba, kuma ya ce kowace taya a duniya tana iya lalacewa, tambayar ita ce me ya sa wannan motar ke kifewa idan hakan ta faru.

Rahoton da Firestone ya fitar a watan Disamba 2000 ya amsa wani ɓangare na laifin. Ya ambaci ƙirar kafaɗar tayar, da yadda ake sarrafa roba a Decatur wanda ya rage ƙarfin mannewarta da wayoyi, sannan ya haɗa da ƙarancin iska da nauyin Explorer. Sanjay Govindjee, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wanda kamfanin ya ɗauka ya yi bincike na daban, shi ma bai samu sanadi guda tilo ba. Ya ga tsaga ce da ke farawa a bakin wayoyi tana girma, kuma zafin yanayi da yadda ake amfani da tayar suna da hannu a saurin girmanta. Ni dai abin da na fahimta daga haɗa waɗannan hujjoji shi ne tayar tana da rauni na gaske, kuma kwatancin Goodyear ya isa shaida a kan haka. Amma raunin ya samu wurin da zai yi ɓarna ne saboda an sa tayar a ƙarƙashin mota mai nauyi, a kan iskar da ba ta bar rarar da za ta haɗiye sakacin yau da kullum ba, sannan motar ba ta yafe wa direban da ƙafarsa ta baya ta ci amanarsa. Ford da kansa ya ɗaga shawararsa zuwa 30 bayan kiranyen, kuma da ya sake fasalin Explorer a samfurin 2002, ya faɗaɗa tsakanin ƙafafunta ya kuma canza yadda ƙafafun baya suke ɗaure.

Sauran abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A ranar 21 ga Mayu 2001 Lampe ya sanar da yanke hulɗar da ta faro tun 1906, lokacin da Harvey Firestone ya fara sayar wa Henry Ford tayoyi. Washegari Ford ya ce zai canza wasu tayoyin Wilderness AT miliyan 13 da kuɗinsa, aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 3. A watan Oktoba aka sauke Nasser, William Clay Ford ƙarami ya karɓi ragama, mutumin da mahaifiyarsa jikar Harvey Firestone ce. A watan Disamba aka rufe masana'antar Decatur. A farkon 2002 NHTSA ta ƙi amincewa da buƙatar Firestone ta a binciki ƙirar Explorer a matsayin mai aibi.

Majalisa ba ta jira duk wannan ba. A ranar 1 ga Nuwamba 2000, ƙasa da wata uku bayan kiranyen, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira TREAD. Dokar ta wajabta wa kamfanoni su sanar da hukuma cikin kwanakin aiki biyar idan sun janye kaya a wata ƙasa saboda matsalar aminci, ta tilasta musu miƙa bayanan ƙorafi da haɗurra a kai a kai, ta sa a tsaurara gwajin tayoyi, sannan a wani gajeren sashe ta ce dole sababbin motoci su kasance da na'urar da za ta gargaɗi direba idan iskar taya ta yi ƙasa sosai. Fasahar ba sabuwa ba ce, domin Porsche 959 tana da ita tun 1986, amma ba ta yaɗu ba tukuna.

Ma'anar "ƙasa sosai" da kuma irin na'urar da za a karɓa su ne suka ɗauki shekara biyar ana ja. Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a sa ƙaramar na'ura a cikin kowace taya, galibi a haɗe da gindin bawul, mai ɗauke da ma'aunin iska da na zafi da ƙaramin batir, tana aika awonta ta rediyo zuwa kwamfutar mota. Ta biyu ba ta auna iska ko kaɗan. Tana amfani da na'urorin da ke ƙirga juyin kowace ƙafa a birkin ABS, wato tsarin da ke hana ƙafa kullewa idan an taka birki, domin tayar da ta rasa iska tana ɗan ƙanƙancewa, saboda haka sai ta fi 'yan uwanta saurin juyi. Wannan hanya ta fi araha, kuma masu ƙera motoci sun so ta. Ƙa'idar farko da hukumar ta fitar a 2002 ta buɗe mata ƙofa, inda ta yarda da na'urar da za ta gano taya ɗaya da ta rasa kashi 30 cikin ɗari. Ƙungiyar kare masu saye ta Public Citizen da abokanta suka kai ƙara, kuma a watan Agusta 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ƙa'idar. Dalilin kotun ya taɓa zuciyar lamarin Explorer: na'urar da ke kwatanta taya da taya ba za ta ga komai ba idan duka huɗun sun sauka tare, alhali kuwa haka iska ke tafiya a motar da aka yi watanni ba a duba ba. Ƙa'idar ƙarshe ta fito a watan Afrilu 2005. Ta ce fitila ta kama cikin minti 20 na tafiya idan taya ɗaya, ko biyu, ko uku, ko duka huɗu sun yi ƙasa da abin da ke rubuce a ƙofa da kashi 25 cikin ɗari, kuma daga 1 ga Satumba 2007 ta hau kan duk sababbin motocin da nauyinsu da kaya bai wuce kilo 4,536 ba. Tarayyar Turai ta bi sahu, inda ta wajabta na'urar a kan duk sababbin motocin fasinja daga Nuwamba 2014. Hanya ta biyu ba ta mutu ba, an inganta ta har tana sauraron yadda taya ke karkarwa domin ta gano saukar iska a duka ƙafafu, amma har yanzu sai direba ya danna maɓalli ya koya mata sabon ma'auni bayan ya gyara iska, kuma idan ya danna alhali iskar ba daidai take ba, kuskuren za ta riƙe a matsayin daidai.

Kashi 25 ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da masu motoci suka fi yi wa gurguwar fahimta. Motar da aka rubuta mata 32 tana iya sauka zuwa 25 fitilar ba ta ce uffan ba, domin doka ba ta tilasta mata magana ba sai an kai 24. A wannan tsakani tayar tana ɗaukar zafi fiye da kima, kafaɗunta suna cinyewa, motar tana ƙara shan mai, birki yana ƙara nisa. Kamfanonin taya da dama sun yi adawa da wannan iyaka tun a lokacin, suna cewa ta yi ƙasa da yawa ga motar da aka cika da kaya, kuma ina ganin suna da gaskiya. Fitilar an yi ta ne domin ta tsayar da mutum a bakin rami, kuma tana yin wannan aiki da kyau, musamman idan ƙusa ta shiga taya ana cikin tafiya. Haɗarin shi ne direba ya ɗauki shirunta a matsayin shaidar cewa iska daidai take, ya daina aunawa gaba ɗaya. Littafin kowace mota mai wannan na'ura yana cewa a ci gaba da aunawa da geji sau ɗaya a wata, tayar tana sanyi, wato bayan motar ta yi awa uku a tsaye ko kafin a yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma a bi lambar ƙofa, a bar ta gefen taya.

Wannan labari ya iso mana ta tashar jiragen ruwa. Dubban motocin da ake shigowa da su daga Amurka ta Legas da Kwatano, daga samfurin 2008 zuwa sama, kowace tana ɗauke da na'urar da dokar TREAD ta haifa, kuma tana aiki a yanayin da ya fi kama da na Arizona da Saudiyya. Iska tana bin zafi, kimanin psi 1 a kowane digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin salsiyos, don haka tayar da aka cika da rana tsaka ana digiri 35 za ta nuna ragin psi 3 zuwa 4 da asubar hunturu idan sanyi ya sauka zuwa 15. Shi ya sa fitilar kan kama da sassafe a watannin Disamba da Janairu, ta mutu bayan an ɗan yi tafiya. Mutuwarta ba ta nufin matsalar ta wuce, tana nufin tayar tana dab da iyaka kuma tana bukatar ƙari. Akasin haka ma yana faruwa: tayar da ta sha gudu takan nuna ƙarin psi 4 ko fiye, kuma wanda ya tsaya a hanya ya rage mata iska saboda ya ga lambar ta hau, zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. A wajenmu kuma akwai matsalar da dokar Amurka ba ta yi tanadi a kanta ba, wato cika iska fiye da kima. Na sha ganin mai faci ya ɗura wa ƙaramar mota 45 ko 50, da kyakkyawar niyya, saboda ramukan hanya da lodi, kuma ba a wajabta wa fitilar ta yi gargaɗi a kan haka ba. Irin wannan taya tsakiyarta ke cinyewa, riƙonta da kwalta yana raguwa, kuma dukan rami ya fi yi mata illa.

Batir ɗin da ke cikin na'urar taya a rufe yake da ita, ba a yi shi don a canza ba, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar 2010 da ta iso hannun mai ita na uku ko na huɗu, da wuya na'urorinta na asali su kasance da rai. Wasu kuma a wurin faci ake karya su, lokacin da ake ɓamɓare taya daga wili da ƙarfe, sai a jefar a sa bawul ɗin roba, mai mota bai ma san an cire wani abu ba. Motar tana faɗin wannan da yarenta: idan fitilar ta yi ta ƙiftawa na kimanin minti ɗaya bayan an tayar da mota, sannan ta tsaya a kunne, na'urar ce ta lalace, kuma daga lokacin babu mai lura da iskar sai geji. Idan kuwa ta kama ta tsaya tun farko ba ƙiftawa, iskar ce ta yi ƙasa, kuma a wasu motocin da safayarsu cikakkiyar taya ce mai tata na'urar, laifin yana iya zama nata ko da sauran huɗun daidai suke. Mai son maye gurbin na'urar sai ya lura cewa motocin Amurka yawanci suna magana a kan zangon rediyo na 315 MHz, na Turai kuma a kan 433 MHz, don haka wadda aka ciro daga motar Beljiyam ba lallai ta yi aiki a motar Amurka ba, kuma a motoci da yawa sai makaniki ya shigar da lambar sabuwar na'urar a kwamfutar mota kafin fitilar ta mutu.